Shin tsofaffin zane-zanen Turai sun faɗi gaskiya game da al'ummar Romani?

Wani ɗan'uwa mai sha'awar tarihi ya aiko mini da tambaya, yana cewa ya yi ta kallon tsofaffin zane-zanen Turai a intanet, sai ya lura duk inda aka zana 'yan Romani, ko dai mace ce tana duba tafin hannun wani yayin da 'yan'uwanta ke yashe masa aljihu, ko kuma budurwa ce tana rawa a gindin wuta. Ya ce tunda masu zane daban-daban daga ƙasashe daban-daban sun haɗu a kan abu ɗaya, ashe ba za a ce akwai gaskiya a ciki ba?

Ɗan'uwa, tambayarka tana da nauyi, domin wannan tunanin da ya zo maka shi ne ya zo wa Turawa da yawa har tsawon shekara ɗari biyar, kuma an zubar da jini a kansa. Amsata a taƙaice ita ce, yawan zane-zanen ba yawan shaidu ba ne, domin mafi yawansu kwaikwayon juna suka yi. Amma kafin mu kai can, ya kamata mu san mutanen da ake magana a kansu.

Asalin 'yan Romani daga arewa maso yammacin Indiya ne, kuma ba su da wata alaƙa ta asali da birnin Rum ko ƙasar Romaniya, kamannin suna ne kawai. A harshensu kalmar "rom" tana nufin namiji ko miji. Harshen nasu ne ya tabbatar da asalinsu, tun lokacin da masanan Jamus irin su Johann Rüdiger a 1782 da Heinrich Grellmann a 1783 suka nuna dangantakarsa da harsunan Indiya. Bahaushen da ya saba kallon finafinan Indiya zai gane wasu kalmominsu nan take, domin ruwa "pani" suke ce masa, kunne "kan", gashi "bal". Sun bar Indiya fiye da shekara dubu da suka wuce, suka ratsa Farisa da Armeniya, suka daɗe a ƙasar Rumawan Gabas, sannan a farkon ƙarni na 15 wasu ayarinsu suka ɓullo a yammacin Turai. Waɗannan ayarin sun gabatar da kansu a matsayin masu ziyarar tuba daga wani wuri da suka kira Ƙaramar Masar, suna ɗauke da takardun izinin wucewa na sarakuna. Daga nan Ingilishi suka samo sunan "Gypsy", mutanen Sifaniya kuma "Gitano", duka biyun daga sunan Masar aka ciro su. Faransawa sun kira su 'yan Bohemiya. Ka ga tun daga suna, kowa abin da ya zata ya laƙaba musu.

Akwai wani rubutu da nake so ka riƙe a zuciya kafin mu dubi zane ko ɗaya. Wani mazaunin Paris da ya bar littafin abubuwan da suka faru a zamaninsa ya ba da labarin isowarsu a watan Agusta na 1427. An hana su shiga cikin birni, aka sauke su a La Chapelle, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa kallo. Ya siffanta duhun fatarsu, da 'yan kunnen azurfa da ke kunnuwansu, da bargon da matan ke ɗaurewa a kafaɗa. Ya ce mutane suna faɗin cewa matan suna duba tafin hannu, kuma suna sa kuɗi ya bar jakar mutum ya koma tasu. Sai ya ƙara wata magana da ba kasafai ake ambata ba: shi da kansa ya je wurinsu sau uku ko huɗu, bai rasa ko anini ba, bai ma ga suna duba hannun kowa ba, sai dai haka jama'a ke faɗi ko'ina. Duk da haka babban limamin cocin Paris ya yi fatawar kore duk wanda ya miƙa musu hannu, aka tilasta musu barin wurin. Wato tun a wannan shekara ji ya riga gani, kuma abin da aka ji shi ne daga baya masu zane suka mayar da shi abin gani.

Zane-zanen farko ba su da ƙiyayya sosai. Akwai wani ɗan ƙaramin zane da wani Bajamushe da ba a san sunansa ba ya yi wajen 1480, miji da mata da 'ya'yansu suna tafiya, babu sata, babu duba. Haka kuma, da yake an ɗauka Misirawa ne, masu zanen labaran addinin Kirista sukan ari tufafinsu, wato faffaɗan naɗi mai kama da faifai da mayafi mai ratsi-ratsi, su sanya wa matan Masar a labarin tsintar Annabi Musa, ko su yi wa Nana Maryam irin wannan ɗauri a labarin gudun hijirarta zuwa Masar. Zanen Correggio da ke Naples, wanda ake yi wa laƙabi da "La Zingarella", wato 'yar budurwar Romani, yana cikin wannan sahu. Ta fuskar tufafi, waɗannan zane-zane suna da amfani ga masanin tarihi, domin sun yi daidai da abin da marubutan lokacin suka siffanta. A nan zan yarda da kai cewa akwai gaskiya a ciki.

Amma a ƙarshen ƙarni na 15 iska ta juya. Majalisar daular Jamusawa da ta zauna a Freiburg a 1498 ta zarge su da yi wa Turkawa leƙen asiri, ta cire musu kariyar doka. A 1499 Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella na Sifaniya suka ba su zaɓi tsakanin zama wuri ɗaya ƙarƙashin ubangida da barin ƙasa. Ingila ta yi dokarta a 1530, ta ƙara tsananta ta a 1554 har da hukuncin kisa. Zanen ya bi sawun doka. A babban zanen Hieronymus Bosch na keken ciyawa da ke Madrid, wanda jigonsa kwaɗayin ɗan Adam ne, an ajiye mace mai duba a gaba-gaba cikin mayaudara. Pieter Bruegel kuma, a zanensa na 1566 na wa'azin Annabi Yahaya, ya sa mai duba a cikin taron, wani mutum ya juya wa mai wa'azi baya ya miƙa hannunsa. A wurin waɗannan masu zane, ɗan Romani ya zama alama ce da mai kallo zai gane cikin ƙiftawar ido, kamar yadda mai tatsuniya ke ambaton gizo kowa ya san za a yi wayo.

Wanda ya kafa hoton da kake tambaya a kai shi ne Caravaggio, mai zane ɗan Italiya. Wajen 1594 zuwa 1595 ya yi zane biyu masu jigo ɗaya, ɗaya yana Rum a yau, ɗaya yana gidan tarihi na Louvre a Paris. Wani saurayi ɗan gata mai hula da gashin tsuntsu ya miƙa hannunsa, budurwa mai farin naɗi tana kallon idonsa tana murmushi, yatsunta kuma suna zare masa zobe. Marubucin tarihin masu zane Bellori ya rubuta a 1672 cewa Caravaggio, don ya nuna ba ya bukatar kwaikwayon gumakan mutanen da, ya kira wata 'yar Romani da ke wucewa a titi ya zana ta. Wannan labari ya taimaka ƙwarai wajen sa mutane su ɗauki zanen tamkar hoton abin da ya faru. Sai dai Bellori ya rubuta shi shekara sittin da biyu bayan mutuwar mai zanen, kuma ko da gaske matar 'yar Romani ce, an kai ta ɗaki ne, an tsayar da ita, an ce ta riƙe hannu haka, ta kalli can. Wanda ya tsara satar shi ne mai riƙe da burushi. Tun kafin wannan lokaci ma mace mai duba sananniyar jaruma ce a wasannin barkwanci na Italiya, don haka abin da ya zana ya fi kusa da dandalin wasa fiye da titi.

Zanen ya samu kasuwa, kuma kasuwa ita ce ta hayayyafa shi. Bartolomeo Manfredi, da Simon Vouet, da Valentin de Boulogne, da Nicolas Régnier, kowannensu ya yi nasa, suna ƙara mutane da ƙara hannayen da ke shiga aljihu, har a wasu ma ana yashe ita mai duban yayin da take yashe wani. Wanda ya fi shahara shi ne na Georges de La Tour, na wajajen 1630, wanda gidan tarihi na Metropolitan da ke New York ya saya a 1960. Wani matashi yana tsaye, hannu ɗaya a ƙugu, tsohuwa mai tamoji tana riƙe da tsabar kuɗi tana yi masa magana, mata uku sun kewaye shi: ɗaya tana yanke sarƙar lambar zinariyarsa tana satar kallonsa ta gefen ido, ɗaya tana zaro jakar kuɗi daga aljihunsa, ta ukun ta shirya hannu don karɓa. Ba zan ɓoye maka ba, a matsayin aikin hannu zanen nan yana da kyau matuƙa, kuma na daɗe ina mamakin yadda ya fitar da saƙar tufafin tsohuwar. Kyawun ne ya sa yake da haɗari. Masu sayen irin wannan zane attajirai ne da manyan coci, kuma darasin da suke rataye shi dominsa shi ne, ɗan gata ya yi hattara da mata da ruɗin duniya. Labarin na saurayin ne, matan kayan aiki ne kawai na isar da wa'azi. Babu ko ɗaya daga cikinsu da aka rubuta sunanta.

Jacques Callot, ɗan Lorraine, ya faɗaɗa abin ta wata hanya, domin shi a farantin tagulla yake zana aikinsa a buga a takarda da yawa, ya shiga hannun wanda ba zai iya sayen zanen fenti ba. Jerin takardunsa huɗu na shekarun 1620 sun nuna ayari a hanya da dawakai da yara da tsummokara, sannan zango a bakin wani masauki inda ake duba yayin da wasu ke kwasar kaji da dabbobi, sannan dafa abin da aka samo a gindin itace. An yi ta kwafar waɗannan takardu fiye da shekara ɗari biyu.

Akwai kuma wani nau'in zane da ba a rataye shi a fada ba. A ƙasashen Jamusawa, cikin ƙarni na 17 da na 18, hukumomi sukan kafa alluna a bakin iyaka da mararrabar hanya, an zana ɗan Romani ana yi masa bulala ko yana rataye a gungume, don wanda bai iya karatu ba ya san abin da ke jiransa idan ya shigo. Duk wanda zai yi maganar "zanen 'yan Romani" a tarihi ya kamata ya ajiye waɗannan alluna kusa da na La Tour, domin zamani ɗaya ne ya haife su.

Yanzu ga abin da na fi so ka lura da shi, wato abin da ba a zana ba. A lokacin da ake ta zana mace mai duba a Rum da Paris, 'yan Romani masu ɗimbin yawa suna zaune a garuruwan Daular Usmaniyya ta Turkiyya suna biyan haraji, suna ƙira, suna kiɗa, suna yi wa sojoji aikin ƙarfe. A Wallakiya da Moldabiya, waɗanda suka zama Romaniya a yau, bayi ne a hannun sarakuna da gidajen ibada na Kirista da masu ƙasa, tun daga takardar 1385 da ta nuna wani sarki ya ba wa wani gidan ibada iyalai arba'in kyauta, har zuwa 'yantawar 1855 da 1856. Kusan shekara ɗari biyar ke nan ana gadonsu ana sayar da su, amma da wuya ka ga wannan a bangon manyan gidajen tarihi na Turai. A Sifaniya, a daren 30 ga Yuli 1749, Sarki Ferdinand na Shida ya sa aka kame dubban Gitano, aka raba maza da mata, aka tura mazan aikin dole a ma'aikatun jiragen ruwa. Kamun ya zo da sauƙi ne saboda mutanen suna zaune a garuruwan da doka ta keɓe musu, hukuma ta san ƙofar gidan kowa, da yawansu maƙera ne da mahauta da masu sana'a. Ban ce ba a taɓa samun mai duba ko ɓarawo a cikinsu ba. Duba sana'a ce da wasu mata suka yi, kuma mutanen da aka hana su filin noma, aka hana su shiga ƙungiyoyin sana'a, aka hana su kwana biyu a gari ɗaya, dole a samu wanda yunwa ta kai hannunsa ga kazar wani. Laifin zanen shi ne kuɗin goro: ya ɗauki abu ɗaya ya maimaita shi har ya rufe sauran duka.

Wani lokaci ma ba mai zanen ne ya yi ƙagen ba. Shahararren zanen Frans Hals da ke Louvre, na wata budurwa mai murmushi da buɗaɗɗiyar riga, ana kiransa "'yar Bohemiya", alhali babu abin da ke nuna 'yar Romani ce. Sunan daga baya aka raɗa masa, don kawai an ga gashinta a sake da kallonta mai tsokana. Wannan yana nuna maka yadda sunan al'umma guda ya koma siffar halin banza a bakin wasu.

A ƙarni na 19 hoton ya sauya riga. Turai ta cika da masana'antu da agogo da hayaƙi, sai masu zane da marubuta suka fara kallon 'yan Romani a matsayin masu 'yanci, waɗanda ba su da ubangida, har matasan masu fasaha na Paris suka ari sunan 'yan Bohemiya suka kira kansu da shi. Daga nan aka samu budurwa mai rawa. Labarin Carmen da marubuci Mérimée ya buga a 1845, wanda mai tsara kiɗa Bizet ya mayar wasan waƙa a 1875, shi ya tsayar da siffarta: kyakkyawa, marar riƙon amana, wadda ƙarshenta wuƙa. Manet ya zana mace da taba a baki wajen 1862, Sargent ya yi babban zanensa na mai rawa a 1882, Otto Mueller ya fitar da jerin takardu tara a 1927 inda mata ke zaune rabi tsirara a ƙofar bukka. Wannan na ƙarshe yana ɓata mini rai musamman, domin a al'adar 'yan Romani da yawa akwai ƙa'idoji masu tsauri na tsarki da kunya da suturar mace daga ƙugu zuwa ƙasa, kuma budurcin amarya babban al'amari ne. Matar da ke cikin waɗannan zane-zane sha'awar mai zanen ce aka sanya wa 'yan kunne. Mutane sukan ce ai wannan yabo ne, amma mai cewa kai ɓarawo ne da mai cewa kai tsuntsu ne marar sheƙa sun haɗu a kan cewa ba maƙwabci ba ne kai, ba a tsammanin ganinka a makaranta ko ofis.

Ƙagen satar yara ma ta wannan hanya ya yaɗu. A labarin Cervantes na 1613 da na Victor Hugo na 1831, kyakkyawar yarinyar da ke cikin ayari daga ƙarshe sai ta zama 'yar wasu ce aka sato, kuma masu zane sun yi ta zana waɗannan 'yan mata da farar fata a tsakiyar baƙaƙe. A tarihi kuwa akasin haka aka fi samu: a ƙarni na 18 Sarauniya Maria Theresa ta ba da umarnin a ƙwace 'ya'yan Romani a Hungari a ba manoma su raine su. Har a 2013, 'yan sanda a Ayalan sun ɗauke yara biyu masu farin gashi daga hannun iyayensu 'yan Romani, sai da aka tabbatar 'ya'yansu ne aka mayar da su.

Inda wannan dogon kallo ya kai shi ne zamanin Nazi. Daga 1936 cibiyar binciken jinsi ta Robert Ritter ta bi 'yan Romani na Jamus, har da reshensu da ake kira Sinti, tana auna kawunansu, tana ɗaukar hotunansu, tana rubuta zuriyarsu, kuma waɗannan takardu aka yi amfani da su wajen kwashe su. An kai kimanin mutum 23,000 sansaninsu na Auschwitz, aka hallaka dubban da suka rage a daren 2 ga Agusta 1944, kuma masana suna ƙiyasta waɗanda aka kashe a faɗin Turai tsakanin 220,000 da 500,000. A cikin sansanin, likita Mengele ya tilasta wa wata fursuna Bayahudiya 'yar Cek, Dina Gottliebová, ta zana fuskokin 'yan Romani da fentin ruwa, domin a ganinsa kyamara ba ta fitar da launin fatarsu yadda yake so. Bakwai daga cikin zanen suna gidan tarihin Auschwitz har yau. An nemi ta zana samfurin jinsi, amma duk wanda ya dube su zai ga mutane ne ɗaiɗai, kowa da irin gajiyar idonsa. Ita Jamus ba ta amince a hukumance cewa kisan ƙare dangi aka yi musu ba sai a 1982.

Saboda haka idan ka sake cin karo da irin wannan zane, ka tambayi wanda ya biya kuɗinsa, da zanen da ya gabace shi wanda aka kwaikwaya, da dokar da ke aiki a garin a shekarar. Sannan ka nemi abin da su da kansu suka zana, domin yanzu akwai shi. Ceija Stojka, 'yar Ostiriya da aka haifa a 1933, ta tsira daga sansanonin Nazi na Auschwitz da Ravensbrück da Bergen-Belsen tana yarinya, da lamba Z 6399 a hannunta, ba ta fara zane ba sai da ta haura shekara hamsin. Ta zana keken dokin iyayenta a cikin gonar furanni, ta kuma zana takalman sojoji daga ƙasa, yadda yaro ke ganinsu, kuma takan sa ɗan reshe kusa da sa hannunta don tunawa da itacen da ta ci ganyensa ta rayu a Bergen-Belsen. A 2022 kuma Małgorzata Mirga-Tas ta zama 'yar Romani ta farko da ta wakilci wata ƙasa, wato Polan, a babban baje kolin fasaha na Venice. Ta ɗauko takardun Callot ɗin nan, ta sake yin su manya-manya da ƙyalle, ta yi amfani da tsofaffin riguna da labule da mayafan da ta karɓo daga dangi da maƙwabta a ƙauyensu na Czarna Góra, ita da wasu mata suka ɗinka. Ayarin yana nan da dawakansa kamar yadda Callot ya tsara shi, a ƙasansa kuma ta jera matan ƙauyen da kowa a can ya san sunansu, suna ɗinki, suna shanya, suna hira a ƙofar gida.